TURANCI A BAKINMU: WANNE NE ƊAN GIDA, WANNE NE BAƘO?

Wannan jawabi ne da wani tsohon malamin ajin manya ya yi a garin Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski, ranar da aka raba wa ɗaliban yaƙi da jahilci takardun shaida. Mun buga shi don amfanin sauran azuzuwa. Malamai su karanta shi tare da ɗalibai, sashe bayan sashe.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah gafarta Malam Liman. Sarkin Ruwa, Sarkin Jirgi, iyayenmu mata, malaman aji da 'yan uwana ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka ƙetaro ruwa tun da asuba, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan Turanci. Da na gaya wa wani dattijo na ajinmu, sai ya ce, "Malam, ina ruwana da Turanci? Ni ko kalma ɗaya ban sani ba."

Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa da wuri yau?"

Ya ce, "Mota na shigo. Direba ya tsaya shan fetur. Can kuma taya ta yi faci. Shi ya sa na yi latti."

Na ce, "To Baba, yanzun nan ka yi Turanci sau shida. Mota, direba, fetur, taya, faci, latti. Duka daga Turanci suka fito."

Ya yi dariya ya ce, "Ashe ni Bature ne ban sani ba."

Baba ba Bature ba ne. Hausa ya yi, kuma Hausa mai kyau. Amma akwai wani Turancin da yake shiga maganarmu wanda yake jawo mana asara. Wani lokaci asarar kuɗi, wani lokaci asarar gona, wani lokaci ma asarar rai. Yau ina so mu rarrabe tsakanin waɗannan biyu.

YADDA TURANCI YA ISO BAKIN KWARA

Turanci ya daɗe da taka ƙasar nan. Wani Baturen Birtaniya mai suna Mungo Park ya biyo Kwara a jirgin ruwa, ya wuce ta Yawuri, ya rasu a ruwan Busa a 1806. A 1830 wasu 'yan uwa biyu, Richard Lander da ƙanensa John, suka zo Yawuri suka yi kwanaki. Amma waɗannan baƙi ne masu wucewa. Da tafinta suka yi magana. Ba su bar mana kalmomi ba.

Kalmomi sun fara shigowa ne da mulki. A 1900 Turawa suka shelanta mulkinsu a Arewa. A 1903 suka ci Sakkwato. Daga nan kakanninmu suka fara jin gwamna, razdan, di'o, en'e, ofis, kotu, joji, sammaci da fursuna.

Ƙofa ta biyu ita ce aikin soja. Daga can muka samu soja, bariki, fareti, kofur, saje da samanja. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an kai 'yan Arewa da yawa har ƙasar Boma. Da suka dawo, sun dawo da sababbin kalmomi a bakinsu.

Ƙofa ta uku ita ce kasuwa. Kanti, kamfani, fam, sule, sisi da kwabo duk Turanci ne asalinsu. Kwabo sunan jan ƙarfe ne a Turanci, don da shi ake yin kuɗin. Ku duba jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Jaridar Hausa ce, amma a cikin sunanta ma akwai kalmar aro. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira. Kwabo kuwa ya bi mu har cikin sabon kuɗi.

Ƙofa ta huɗu tamu ce, mu mutanen bakin ruwa. A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji. A 1968 aka gama, ruwa ya taru. An tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka na bakin kogi da tsibirai. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. A wannan lokaci iyayenmu suka saba da dam, injiniya, lebura, kwangila da siminti. A 1972 aka kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA. An canza mata suna a 2005, amma har yau idan wuta ta zo yara suna ihu, "An kawo nefa!" Hukuma ta tafi, kalma ta zauna.

Kun san bikin Rigata da ake yi a Yawuri. Tseren jirage da gwanintar ruwa namu ne, gadon Gungawa da sauran mutanen kogi. Amma sunan Rigata daga Turanci ya zo. Su ma Ingilishi ba nasu ba ne. Wurin mutanen Italiya suka aro shi. Kun ga tafiyar kalma guda: daga Italiya zuwa Ingila, daga Ingila zuwa Yawuri.

Ƙofa ta biyar ita ce wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001. Da ita muka samu caji, kati, layi, sim, batir da data.

YADDA HAUSA TAKE HORA BAƘUWAR KALMA

Hausa ba ta karɓar kalma haka nan. Sai ta yi mata wanka, ta sa mata rigar gida. Ga yadda take yi.

Na ɗaya, Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri guda. Sai ya sa wasali a tsakani. Bature ya ce "bred", mu muka ce burodi. Ya ce "brek", muka ce birki. Ya ce "plog", makaniki ya ce fulogi.

Na biyu, yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Saboda haka "kot" ta zama kotu. "Bokit" ta zama bokiti. "Bench" ta zama benci.

Na uku, akwai sautin da babu shi a Hausa, sai mu musanya shi da namu. Shi ya sa muke cewa fensir, famfo, fetur da farfela. Duka huɗun da harafin P suke farawa a Turanci.

Na huɗu, muna ba kalma jinsi. Mota mace ce, muna cewa "mota ta zo". Tebur namiji ne, muna cewa "tebur ya karye". Bature bai san wannan ba. Mu muka yanke.

Na biyar, muna yi mata jam'i irin namu. Mota, motoci. Direba, direbobi. Likita, likitoci. Ofis, ofisoshi. Inji, injuna.

Kalmar da ta bi ta waɗannan matakai ta zama 'yar gida. Idan ka je Ingila ka ce "asibiti" ko "kananzir", ba wanda zai gane ka. Sun zama namu. Kada wani ya ce maka ba ka iya Hausa ba don ka ce bokiti.

ARO BA ABIN KUNYA BA NE

Tun kafin Bature ya zo Hausa take aro. Daga Larabci muka samu littafi, alƙalami, alƙali, lissafi, sabulu, labari da sunayen ranakun mako bakwai. Daga Barebari muka samu galadima, ciroma da yarima. Daga Fulani muka samu kawu, baffa da goggo. Daga Buzaye muka samu takobi. Daga Yarabawa muka samu ashana da agogo.

'Yan uwanmu Hausawan Nijar kuma Faransa ce ta mulke su. Saboda haka nasu aron daban ne. Idan kun zauna da masunta ko 'yan kasuwa da suka gangaro daga can, za ku ji suna ce wa makarantar boko lakwal. Malamin makaranta kuma mushe. Hausa ɗaya ce, amma kowa da maƙwabcin da ya ara wa.

Shi kansa Turanci babban maroƙi ne. Sunan sukari, da na auduga, da na gahawa a Turanci, duk ta hanyar Larabci suka shige shi. Har wurinmu ya yi aro. Akwai babban ƙamus na Turanci da ake yi a Oxford, a Ingila. A 2020 ya shigar da Kannywood, sunan masana'antar finafinan Hausa ta Kano. Bayan 'yan shekaru kuma ya shigar da suya. Ya shigar da kobo ma. Wato kwabon da suka ba mu ya zaga ya koma musu da sabuwar kama. 'Yan kudu masu Turancin buroka kullum suna cewa "wahala". A bakinmu suka ji ta.

Saboda haka aro ba laifi ba ne. Duk harshen da yake raye yana ci yana bayarwa.

TO INA MATSALAR TAKE?

Matsalar tana wurin wani abu da ake kira Ingausa, wato Ingilishi da Hausa a cakuɗe. Wannan ba aron kalma ba ne don babu tamu. Mutum ne yake da kalmar Hausa a hannu, sai ya ajiye ta ya ɗauko ta Turanci. Za ka ji yaro ya dawo daga makaranta yana ce wa tsohuwarsa, "Akshuwali Inna, ba ni da tayim, ina bizi." Inna ta bi shi da kallo. Me ya hana shi cewa, "Gaskiya Inna, ba ni da sukuni, aiki ya yi mini yawa"?

Idan 'yan boko biyu suna hira a tsakaninsu suka cakuɗa, ba su cuci kowa ba. Dukansu sun gane. Wani lokaci ma ba da gangan suke yi ba, baki ne ya saba. Amma idan ma'aikaci ya zo ƙauye da saƙo, ya cakuɗa shi da Turanci, mai saurare ya gyaɗa kai alhali bai gane ba, nan ne ɓarna take farawa. Bari in ba ku misali biyar.

NA FARKO: MAGANI

Wata maƙwabciyata ta kai ɗanta wani ɗakin shan magani. Mai ba da magani ya ce mata, "Ki ba shi haf tablet, tu tayims, afta fud." Ta ce to. Ta ji kunyar tambaya, don akwai mutane a bayanta. Da ta dawo gida ta ba yaron ƙwaya biyu a lokaci guda, cikinsa babu komai. Yaro ya yi ta amai. Allah ya kiyaye, ya tashi. Abin da aka ce mata shi ne rabin ƙwaya, sau biyu a rana, bayan ya ci abinci. Kalma goma ta Hausa da ta wadatar.

Yanzu da kuka iya karatu, ku riƙe wannan. A jikin kwalin magani akwai haruffa uku, EXP. Lambar da take biye da su ita ce lokacin da magani zai lalace. Idan kun ga EXP 03/27, ana nufin wata na 3, wato Maris, na shekarar 2027. Idan lokacin ya wuce, kada ku saya, kada ku sha. Haruffan MFG ko MFD kuma lokacin da aka yi maganin suke nunawa. Ku nemi lambar NAFDAC ma, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna.

NA BIYU: MAGANIN FESHI

Maganin ciyawa iri biyu ne. Akwai mai zaɓe, wanda yake kashe ciyawa ya bar shuka. Akwai wanda ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya ƙone. Wani manomin shinkafa da na sani ya je kasuwa sayen magani. Mai shago ya ce masa, "Wannan non-salektif ne fa." Shi "salektif" kawai kunnensa ya kama, don ya taɓa jin ana yabon mai wannan suna. Bai san ɗan guntun "non" ɗin nan yana nufin "ba" ba. Ya fesa a kan shinkafar da ta yi wata guda. Bayan kwana kaɗan fadama ta koma ja. Iri ya tafi, taki ya tafi, kuɗin ƙwadago ya tafi.

Idan za ku sayi magani, ku tambaya da Hausa: "Wannan yana kashe shinkafa ko yana barinta? Kafin shuka ake fesa shi ko bayan ta fito? Murfi nawa ake zubawa a tanki guda?" Ku duba launin da yake gindin takardar kwalba. Ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Masunta kuma kun san gamalin. Sunan ya zauna a bakinmu kamar ɗan gida, har wasu sun manta guba ce. Maganin ƙwari ne aka yi shi don gona. Wanda ya zuba shi a ruwa ya kashe manyan kifi da ƙanana, ya sa wa mai ci ciwo, kuma ya taka doka. Suna mai daɗin faɗi ba ya mai da guba abinci.

NA UKU: BASHI DA KUƊI

Masu ba da rance suna zuwa ƙungiyoyinmu. Za ka ji an ce, "Intares ɗin ten fasent ne kawai." Ten fasent shi ne kashi 10 cikin 100. To amma a wata ne ko a shekara? Mu yi lissafi tare. Ka karɓi naira 50,000. Kashi 10 cikin 100 nata shi ne naira 5,000. Idan a shekara ne, naira 5,000 za ka ɗora bayan wata 12. Idan kuwa a wata ne, cikin wata 6 kaɗai ka ɗora naira 30,000. A takarda bambancin kalma biyu ne na Turanci, "fa anum" da "fa mont". Na farko a shekara, na biyu a wata. A aljihunka kuwa bambancin ya kai kuɗin buhun hatsi ko fiye.

Haka "kolataral", jingina ke nan. Idan ka kasa biya, gonarka ko jirginka ko injinka ya tafi. "Garanto" kuma shi ne wanda ya tsaya wa wani. Idan mai bashi ya gudu, kai za a kama. Kada ka dangwala yatsa, kada ka sa hannu, sai an fassara maka takarda layi bayan layi a gaban shaidu. Wannan ya shafi takardun fili ma. Yanzu da ake haƙar ma'adinai a ƙasar Ngaski da Yawuri, baƙi suna zuwa da takardu. Idan aka ce "konsent", amincewarka ake nema. Ka san abin da ka amince da shi, da shekara nawa, da abin da za a ba ka.

Masu zuwa wurin mai POS, ku ji wannan. "Fin" shi ne lambar sirri ta katinka. Makullin rumbunka ne. Idan wani ya bugo waya yana zuba Turanci, ya ce daga banki yake, ya ce ka karanto masa fin ko lambar da ta shigo wayarka, kashe wayar. Banki ba ya tambayar wannan. Ɓarawo ya san idan ya yi Turanci za ka ɗauka babban ma'aikaci ne.

NA HUƊU: JIRGIN RUWA

Ba wanda ya manta ranar 26 ga Mayu 2021. Jirgi ya nutse a ruwan nan kusa da Wara, mutane masu yawa suka rasu, da mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa sun ce lodi ya yi wa jirgin yawa.

Tun daga lokacin ana ta zuwa da jawabai a bakin ruwa. Muna jin "sefti", muna jin "obalodin", muna jin "laif jaket". Saƙon yana da kyau ƙwarai. Amma na taɓa tambayar wata tsohuwa mai sayar da kifi me ake nufi da laif jaket. Ta ce, "Rigar ma'aikata ce." Ba ta san an yi ta don ita ba. Da aka ce mata, "Inna, rigar ceton rai ce, idan jirgi ya kife ita za ta riƙe ki a saman ruwa har a zo a ɗauke ki," sai ta ce, "To me ya sa ba a faɗa haka ba tun farko?"

Sarkin Jirgi, ga roƙona. A faɗi dokokin ruwa da harshen da fasinja yake ji. Kada a wuce adadin mutanen da jirgi zai ɗauka. Kada a tashi da dare. Kowa ya sa rigar ceton rai. A faɗa da Hausa, a faɗa da Gunganci, a faɗa da Kambarci.

NA BIYAR: TARO

Sau nawa aka tara mu, baƙo ya yi magana rabi Hausa rabi Turanci, a ƙarshe ya ce, "Eni kwescan?" Kowa ya yi shiru. Sai a rubuta cewa jama'a sun yarda. Alhali jama'a ba su yarda ba, ba su ƙi ba. Ba su ji ba ne. Shirun wanda bai gane ba, ba yarda ba ce.

Ku ma'aikata da kuke nan, malaman gona, malaman asibiti da mu malaman aji, wannan magana tamu ce. Ilimin da ka kasa faɗa wa mahaifiyarka da harshenta, ba ka gama fahimtarsa ba. Kafin ka fita aiki, zauna ka nemi Hausar abin da za ka faɗa. Idan babu kalma ɗaya, yi bayani da kalma biyar. Ba a biyan kuɗin kalma.

MU DUBA GIDA

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Muna kukan Turanci yana shiga Hausa. To abin da Turanci yake yi wa Hausa, shi Hausa take yi wa harsunan iyayenmu, har ma fiye.

Ƙasar Yawuri ƙasa ce mai harsuna da yawa. Akwai Gungawa, akwai Kambari, akwai Lopawa, akwai Shangawa, akwai Dukawa, akwai Fulani, ga Sarkawa da Nufawa da sauran baƙin da ruwa ya kawo. Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da masallaci da aji. Wannan alheri ne. Amma ku duba Shanganci. Yawancin Shangawa yau Hausa suke yi, sai 'yan ƙauyuka kaɗan suka riƙe harshen. A gidajen Gungawa da yawa kaka tana magana da Gunganci, jika yana amsawa da Hausa. Haka abin yake farawa. Yau kalma ɗaya, gobe jimla, jibi harshe ya tafi.

Idan harshe ya tafi, ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sunayen kifaye suna tafiya. Sunayen tsibiran da ruwa ya cinye a 1968 suna tafiya. Sunayen itatuwan magani da tarihin zuri'a suna tafiya. Waɗannan babu su a littafin Bature. A bakin tsofaffinmu suke.

Kada mu jira makaranta ta yi mana wannan aiki. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar an janye tsarin, an koma koyarwa da Turanci. Ko yaya manufar gwamnati ta juya, gida yana hannunmu. Yaro yana iya riƙe harshe uku ba tare da wahala ba. Da yawanku a nan kuna jin uku ko huɗu, kuma ba a aji kuka koya ba.

SHIN MU GUJI TURANCI?

A'a. Kada wanda ya fita daga nan ya ce Malam ya hana koyon Turanci. Turanci shi ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya. Da shi ake rubuta takardar banki, da jarrabawa, da kwalin magani. Wanda ya iya shi ba a yi masa rufa-rufa. Ku sa 'ya'yanku makaranta, maza da mata, su koye shi sosai. Ku ma da kuka gama wannan aji, ku shiga aji na gaba inda ake fara koyar da shi. Haruffan da kuka koya su ne dai na Turanci, sai 'yan kaɗan da suka bambanta. Kun riga kun yi rabin tafiya.

Abin da nake cewa shi ne kowane harshe a ba shi haƙƙinsa. Idan za ka yi Turanci, yi shi cikakke ga mai jin sa. Idan za ka yi Hausa, yi ta cikakkiya ga mai jin ta. Zanen aro ba ya rufe katara. Guntun Turancin da aka yafa don burga bai sa mutum ya zama mai ilimi ba.

ABIN DA ZA MU RIƘE

1. Kalmar da ta zama 'yar gida, kamar mota, asibiti da bokiti, Hausa ce. A yi amfani da ita, a rubuta ta yadda muke faɗinta.

2. Idan aka faɗi kalmar da ba ka gane ba, ka ce, "Don Allah a maimaita da Hausa." Matambayi ba ya ɓata. Ba kai ne ka gaza ba, mai maganar ne bai kammala aikinsa ba.

3. A wurin magani, maimaita wa likita abin da ka ji da bakinka: ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa. Ka rubuta a littafinka.

4. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a fassara maka ba. Ka nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ba wanda ya kawo takardar ba.

5. Kada ka ba kowa lambar sirri ta katinka, ko da wane irin Turanci ya yi maka.

6. Ka yi wa 'ya'yanka harshen iyayenka a gida.

7. Kowane ɗalibi ya ware shafi biyu a bayan littafinsa. Duk baƙuwar kalmar da ka ji a rediyo, ko kasuwa, ko asibiti, rubuta ta. Ka kawo aji mu nemi ma'anarta tare. Kafin shekara ta zagayo, ajin Wara zai yi ƙamus nasa na kansa.

Shi Baban da na ba ku labarinsa da farko, yana nan zaune a cikinku. Shekaranjiya ya nuna mini shafinsa. Ya riga ya rubuta kalma goma sha ɗaya. Ta farko ita ce "latti". A gabanta ya rubuta "makara". Ya ce daga yau ya bar duka biyun.

Ina taya ku murnar takardun da za ku karɓa. Allah ya sa musu albarka. Allah ya ba mu damina mai kyau, ya tsare mu a tudu da ruwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Kawo kalmomi biyar na sana'arka waɗanda asalinsu Turanci ne.

2. Me haruffan EXP suke nufi a jikin kwalin magani?

3. Mutum ya karɓi rancen naira 20,000, ana ɗora masa kashi 10 cikin 100 kowane wata. Nawa zai ɗora a wata 4?

4. Wane harshe kakanninka suke yi? 'Ya'yanka suna jin sa?